Filin Tambaya da Amsa: Wa ke ɗaura wa ƙwayar yis zoben da take rabuwa da shi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan makon. Wasiƙu uku na ɗauko daga cikin Kaduna, duk kan yis suke magana, amma ta farkon ita za ta ci mana wuri sosai saboda tambayar tana da nauyi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a fannin nazarin ƙananan halittu, a Tudun Wada nake zaune. An koya mana cewa in ƙwayar yis za ta rabu biyu wani zobe ne ke fitowa a tsakiyarta ya matse ta. Na haddace sunayen furotin ɗin, su Mid1 da Cdc12 da Myo2, amma wallahi ban gane ba. Wa ke gaya musu nan ne tsakiya? Wa ke jera su har su zama zobe? Dan Allah a taimaka mun, jarabawa ta matso.

Amsa: Yauwa ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Na ji daɗi da ba ki tsaya kan hadda ba, don sunayen nan in ba a san aikin kowa ba to ranar da aka fito daga ɗakin jarabawa ranar suke gudu daga kai.

Bari mu fara da wane yis ake nufi. Yawancin abin da aka sani kan zoben nan daga wani yis ne mai suna Schizosaccharomyces pombe, wanda wani Bajamushe Paul Lindner ya fara bayaninsa a 1893 bayan an samo shi a giyar gero ta gabashin Afirka. Ba kamar yis ɗin burodi yake ba, shi dogo ne, faɗinsa maikuromita 3 zuwa 4, tsawonsa yana farawa daga kusan 7 ya kai kusan 14, wato in ya ninka tsawonsa sai ya rabu daidai a tsakiya. Maikuromita ɗaya kuwa ki raba milimita gida 1000 ki ɗauki ɗaya. Masu bincike suna son shi don siffarsa ba ta da rikici, in rabuwar ta karkace ko kaɗan ido zai gani a maikuroskof.

Zoben shi kansa ki ɗauke shi kamar zariyar wando, in an ja ta ƙugun ya tsuke. Zaren zariyar shi ne aktin, furotin ne da ke haɗuwa ɗaya bayan ɗaya ya zama dogon zare siriri. Mai ja kuma mayosin ne, a wannan yis ɗin sunan babbansu Myo2, yana ƙona ATP, wato man da ƙwaya ke aiki da shi, ya samu ƙarfin da zai kama zaren aktin ya ja. Tun a 1972 Thomas Schroeder ya nuna wannan zoben a ƙwan wata halittar teku, a 1977 kuma Mabuchi da Okuno a Japan suka toshe aikin mayosin a ƙwan wata halittar tekun sai ƙwan ya kasa rabuwa. To kin ga zare da mai ja an daɗe da sanin su, abin da ya ɗau shekaru ana nema shi ne dai tambayarki, waye ya kawo su wurin kuma ta yaya suka jeru.

Maganar tsakiya tukuna. Saƙo biyu ne ke haɗuwa, ɗaya na hani ɗaya na kira. A ƙarshen ƙwayar guda biyu akwai wani furotin mai suna Pom1, yana da yawa a can bakin, yana raguwa in ana matsowa ciki. Aikinsa ya hana wani furotin Cdr2 zama a kusa da shi, shi kuma Cdr2 da ya rasa wurin zama a gefe da gefe sai ya taru a tsakiya, ya yi ɗigo-ɗigo a jikin tantanin ƙwayar ta ciki, tun kafin lokacin rabuwa ya zo. Wannan shi ne hanin. Kiran kuma daga nukiliyas yake fitowa, wato ɗakin da kayan gado suke. Mid1 ɗin da kika haddace yana shiga nukiliyas yana fita, to da lokacin rabuwa ya gabato sai wani furotin Plo1 ya sa masa alama, ya fito da yawa ya manne a tantanin da ya fi kusa da nukiliyas ɗin, ya samu ɗigon Cdr2 a wurin ya zauna a kansu. Tunda nukiliyas a tsakiya yake zaune, to tsakiya ake samu.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai, masu bincike Rafael Daga da Fred Chang suka yi shi a 2005. Sun sa ƙwayoyin a injin da ke juyawa da gudu har nukiliyas ya gusa gefe, sai wurin rabuwar ya bi shi can. Wato ƙwayar ba awo take yi ba, inda nukiliyas yake nan take yankawa, kuma ki duba hikimar, abin da ake so ai shi ne kowace ɗiya ta samu rabonta na kayan gado, to wace alama ta fi nukiliyas ɗin dacewa. In kuma aka cire Mid1 gaba ɗaya zoben yana haɗuwa dai daga baya ta wata hanyar, amma sai ya fito a karkace ko a gefe, ɗiya ɗaya babba ɗaya ƙarama. In malaminku ya tambaya mene aikin Mid1, amsar ke nan, shi ba ya ja, wuri yake nunawa kuma ya kira sauran.

Yanzu jeruwar. Ɗigon nan da ke tsakiya su ne tushen komai. Ba a layi ɗaya suke ba da farko, a warwatse suke cikin wani fili mai ɗan faɗi da ya zagaye ƙugun ƙwayar. Mid1 ya kira Rng2, shi kuma tare da Cdc4 suka kawo Myo2, sannan Cdc15 da Cdc12 suka biyo baya. Wannan jerin zuwan Jian-Qiu Wu ne ya auna shi minti-minti a 2003 a ɗakin binciken Thomas Pollard a jami'ar Yale ta Amurka, ta hanyar liƙa wa kowane furotin wani furotin mai hasken kore a duba lokacin da ya bayyana. Lissafin farko ya ba da ɗigo kusan 65, daga baya a 2016 da aka duba da na'urar da ta fi gani aka samu kusan 140, ashe wasu ɗigon biyu ne ko uku suka matsu ake ganinsu kamar ɗaya. A cikin kowane ɗigo wutsiyar mayosin tana kafe ta wajen tantani, kawunansa kuma suna miƙe cikin ƙwayar suna jiran zaren da za su kama.

Cdc12 shi ne mai saƙa zaren. Yana zaune a ɗigonsa yana ƙara aktin ɗaya bayan ɗaya, wani furotin Cdc3 na miƙo masa, zaren na tsawo yana tafiya duk inda ya ga dama, babu wanda ya nuna masa hanya. In ya yi sa'a ya wuce kusa da wani ɗigon sai mayosin ɗin can ya cafke shi ya fara ja, ɗigon biyu su matso kusa da juna. Bayan 'yan daƙiƙu zaren ya tsinke, a sake saƙa wani ya nufi wani wajen, a sake kamawa a sake ja. A 2008 Vavylonis da Wu da Pollard da abokan aikinsu suka buga wannan bayanin a mujallar Science, suka kira shi nema, kamawa, ja, saki, kuma suka nuna a kwamfuta cewa waɗannan abubuwan huɗu kaɗai in aka yi ta maimaita su sun isa su tattara ɗigon da ke warwatse su zama zobe ɗaya cikin minti kamar 10.

To ƙanwata nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani, kan sakin nan. Mutum zai ɗauka tsinkewar zare asara ce, ana gini ana rushewa. Amma da zaren ba ya tsinkewa, ɗigon da suka fara kama juna za su yi ta jan juna har su dunƙule wuri ɗaya, a samu curi uku ko huɗu a ƙugun ƙwayar, tsakaninsu babu komai, kuma curi ba ya matse ƙwaya. Mai tsinka zaren sunansa kofilin, a yis ɗin nan Adf1, kuma an gwada, da aka raunana shi curin aka samu maimakon zobe. Haka nan akwai Ain1 mai ɗaure zare da zare don su kwanta gefe da gefe, da Cdc8 mai lulluɓe zaren ya ƙarfafa shi, su ma in ɗaurin ya yi yawa ko ya yi kaɗan zoben ba ya fitowa da kyau. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce babu wani furotin guda da ke riƙe da taswirar zoben yana ba da umarni. Kowa ɗan aikinsa yake yi a inda aka ajiye shi a lokacin da aka kira shi, kuma da yake duk a kewayen ƙugu ɗaya suke, siffar da jan nasu zai iya haifarwa ita ce zobe. Ni dai duk lokacin da na kalli bidiyon ɗigon nan suna rawa suna matsowa sai na ce subhanallah, abu ne da ba ya gundurata.

Zoben in ya haɗu ba nan take yake matsewa ba, yana jira kamar minti 20 ko fiye, kuma jiran nan dole ne don in ya yanka kafin kuromosom, wato ƙunshin kayan gado, su gama rabuwa zuwa gefe biyu to ta kansu zai bi. Yis ɗin nan kuromosom 3 gare shi kacal, in ɗiya ta rasa ɗaya ta mutu. Akwai wata tawagar furotin da ake taƙaita sunanta da SIN, ita ke ba da izinin a fara bayan an gama rabon. A lokacin jiran Cdc15 ke ƙara ɗaure zoben a jikin tantani, yana kamo wasu kamar Fic1 da Pxl1, in aka rage shi sai ki ga zoben yana zamewa daga wurinsa ko ya wargaje. Kathleen Gould a jami'ar Vanderbilt ta yi shekaru tana aiki kan wannan furotin ɗin.

Sai abu na ƙarshe, wanda littattafai da yawa ke tsallakewa kuma a ganina shi ya fi muhimmanci ga yis. Ƙwayar yis tana da bango mai tauri a waje, a ciki kuma ruwa na tura tantanin da ƙarfin da ya kai kusan ninki 10 na nauyin iskar da ke kanmu. An auna ƙarfin jan zoben a 2014 aka samu kusan pikoniyutin 400 (ma'auni ne na ƙarfi ɗan ƙanƙani ƙwarai), kuma in aka yi lissafi wannan bai kai ko kusa da abin da ake buƙata don tura tantani ciki a kan wancan matsin ba. To me ke turawa? Bango ne sabo. Zoben yana tafe da injinan gina bango, su Bgs1 da Bgs4 da Ags1, suna zuba gulukan, wato sinadarin da ake gina bangon da shi, a bayansa, bangon na girma daga gefe zuwa tsakiya yana tura tantanin. A 2012 ɗakin binciken Fred Chang suka narkar da aktin ɗin zoben da magani bayan bangon ya yi nisa, sai ga ƙwayoyin sun ƙarasa rabuwarsu ba zobe, amma in aka narkar da shi da wuri ba sa iyawa. Kada ki ce kenan zoben ba ya ja, yana ja, a 2013 an ciro shi daga ƙwayar aka ba shi ATP ya tsuke. Sai dai a cikin yis babban amfanin jan shi ne ya sa bangon ya ginu daidai ta ko'ina, ramin tsakiya ya zauna a zagaye har ya rufe. Wannan matsewar tana ɗaukar kusan rabin awa, zoben na zubar da kayansa yana ƙanƙancewa. Daga nan wasu furotin biyu, Eng1 da Agn1, su narkar da tsakiyar bangon, 'ya'yan biyu su rabu.

Gargaɗi ɗaya saboda jarabawa. Cdc12 da Cdc3 na wannan yis ɗin daban suke da Cdc12 da Cdc3 na yis ɗin burodi, a can septin ne, wasu furotin daban da ke kewaye wurin rabuwa, suna ne kawai ya zo ɗaya saboda masu bincike daban-daban ne suka raɗa. In za ki rubuta ki fara faɗin wane yis kike magana a kai.

Tambaya: Malam ina da gidan burodi a Rigasa, yarona ne ke karanta mun shafin nan. Yis ɗin da muke zubawa a kwaɓi shi ma rabuwa yake yi? Ita ce ke sa kwaɓin ya tashi? Kuma me ya sa da hunturu yake mana nawa?

Amsa: Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara kasuwa, a gaida yaron. Eh, yis ɗinku abu ne mai rai, garin nan da kuke gani a leda ƙwayoyi ne da aka busar suna barci, ruwa da sukari ke tashe su. Sunansa Saccharomyces cerevisiae, kuma shi ba a tsakiya yake rabuwa ba, toho yake yi. Ɗiya na fitowa a jikin uwar ƙarama tana girma, a wuyan da ya haɗa su wasu furotin da ake kira septin su yi wa wurin kewaye tun da farko, nan ne zoben aktin da mayosin zai zauna, mayosin ɗinsa sunansa Myo1. Wato shi tun ranar da tohon ya fito an san inda za a yanka. Zoben ya tsuke, bango ya ginu a bayansa, ɗiyar ta ɓalle ta bar tabo a jikin uwar, kuma uwa ɗaya takan yi toho 20 zuwa 30 kafin ta tsufa ta daina. Leland Hartwell ne a Amurka ya gano septin ɗin nan a farkon shekarun 1970, da ya ga wasu ƙwayoyin suna ta toho amma sun kasa rabuwa.

Amma tashin kwaɓi ba daga yawan rabuwa ba ne Alhaji. Ko a yanayi mafi kyau yis na buƙatar kusan minti 90 kafin ya ninka, a cikin kwaɓi mai gishiri da sukari kuwa ya fi haka nawa. Abin da ke ɗaga kwaɓin iska ce, yis na cin sukari yana fitar da iskar kabon, danƙon fulawar da kuka murza ya riƙe ta ta kasa fita, shi ya sa kwaɓin da bai murzu ba ba ya tashi da kyau ko an cika masa yis. Da hunturu sanyi ne ke rage masa saurin aiki, ga iskar busasshiya tana busar da saman kwaɓin. Ku kwaɓa da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai zauna a ciki ba damuwa, ku rufe kwaɓin, ku ajiye shi ɓangaren da ɗumin tanda ke kaiwa. Ruwan zafi dai a kiyaye, in ya kai digiri 55 zuwa 60 kashe yis ɗin yake yi, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa komai yawan sukarin da aka ƙara.

Tambaya: Ina aiki a kemis a Kakuri. Malam gaskiya ina mamaki, mutane na fama da cuta iri-iri, wasu kuma sun ƙare rayuwarsu kan kallon yis. Me talaka zai ƙaru da shi?

Amsa: Ɗan'uwa tambayarka a kan hanya take, kuma a shagon da kake tsaye amsar take. Ƙwayoyin jikinmu ma da zoben aktin da mayosin suke rabuwa, ciwo in zai warke, jariri in yana girma a ciki, jini in ana sabunta shi, duk sai ƙwaya ta rabu biyu. Mid1 yana da ɗan'uwa a jikin mutum ana kiransa anilin, Cdc12 ma yana da 'yan'uwa. A 1987 Melanie Lee da Paul Nurse suka ɗauko ƙwayar gado ta mutum suka sa wa yis ɗin da irin wannan ƙwayar gadon tasa, mai suna cdc2, ta lalace, sai ya ci gaba da rabuwa lafiya lau, wato makunnin da ke ba ƙwayar mutum izinin rabuwa da na yis iri ɗaya ne. Wannan aikin na cikin abin da ya sa Nurse da Hartwell da Tim Hunt suka samu kyautar Nobel a 2001. Ciwon daji kuwa asalinsa ƙwayoyi ne da suka ƙi bin dokar rabuwa, kuma ƙwayar da zobenta ya kasa yankawa takan zauna da kuromosom ninki biyu, irin wannan yana cikin hanyoyin da ake bincike a kai wajen yadda ƙwaya ke lalacewa. A yis ana iya cire furotin ɗaya a ga sakamako cikin kwanaki, da kuɗi kaɗan, abin da ba za a taɓa yi wa mutum ba.

Sannan ka tuna bangon da na yi wa ɗalibarmu bayani a sama. Yis da dangoginsa suna da shi, mu ba mu da shi, to duk maganin da zai hana gina bangon zai kashe su ya bar ƙwayoyinmu. Akwai maganin da ake kira kasfofunjin, an amince da shi a Amurka a 2001, aikinsa toshe injin da ke gina gulukan, dangin su Bgs ɗin nan, ana ba da shi ta jijiya a asibiti ga waɗanda Candida, wani yis mai sa cuta, ta shiga jininsu, irin marasa lafiyan da garkuwar jikinsu ta yi rauni sosai. Ba maganin da za a sayar a kan kanta ba ne, kuma ina roƙonka in mai ƙaiƙayi ko farin baki ya dawo maka sau biyu sau uku bai warke ba ka tura shi asibiti a yi gwaji, don wani lokacin ciwon suga ne ko raunin garkuwa ke ƙarƙashi, kuma yawan shan maganin ba bisa ƙa'ida ba na sa ƙwayoyin su daina jin sa.